Talauci a Ma'aunin Dokar Hana Wariya

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Talauci bai samu shiga wannan jeri ba. Matsayar wannan maƙala ita ce, giɓin ya cancanci a cike shi, domin wulaƙancin da talaka ke sha bai tsaya a kan rashin abin hannu ba. Sau tari doka da hukuma ne ke ɗora masa shi.

A dubi mutum biyu a bakin titi da tsakar dare. Ɗaya yana jingine da motarsa, ɗaya yana zaune kan kwali da ƙunshin tsummokaransa. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, amma na biyun ne za a tambaya inda yake kwana da sana'ar da yake yi, in ya rasa amsa a tasa ƙeyarsa. Dokokin hana gararamba da ke ba da damar yin haka, waɗanda aka gada daga Turawan mulkin mallaka, su ne Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta duba a Disambar 2020. Ta bayyana cewa sun saɓa wa Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda sashenta na 2 ya ambaci dukiya ƙarara cikin dalilan da aka hana yin wariya a kansu.

Masu adawa suna da hujja biyu: talauci hali ne mai canzawa, kuma iyakarsa tana da wuyar shatawa. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Rodriguez kan kuɗin makarantun Texas, ta ƙi sanya talauci cikin rukunan da ke samun kariya ta musamman. Sai dai mutum yana iya sauya addini ko jam'iyya, kuma doka ba ta janye masa kariya saboda haka ba. Batun shata iyaka kuwa, an gwada an gani. Faransa ta yi doka a 2016 da ta haramta wariya saboda raunin da halin tattalin arzikin mutum ya jefa shi. A 2018 Kotun Daidaito ta Afirka ta Kudu ta yanke cewa rabon 'yan sanda a lardin Yammacin Cape ya zalunci unguwannin baƙaƙen fata matalauta, bisa launin fata da talauci.

Najeriya ta mayar da Yarjejeniyar Afirka dokar cikin gida tun 1983, ke nan lauyoyi suna da madogara tun yanzu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama. Hausawa sun ce talauci ba ya kawar da 'yanci. Wajibi ne majalisa ta rubuta wannan gaskiya a sashe na 42.