Abin da ke sa saƙon gargaɗi zuwa sau biyu bayan an sabunta uwar-garke

Uwar-garke ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan banki, asibiti ko ma'aikata. Mai na'urar POS a kasuwar Rano da ma'aikacin da ke jiran albashi a Kibiya ba su ganinta, amma da zarar ta tsaya, harkarsu ta tsaya. Shi ya sa ake ɗora mata manhajojin sa ido irin su Nagios, Zabbix da Prometheus, waɗanda ke aika wa injiniya saƙon gargaɗi idan ma'adana ta kusa cika ko wani aiki ya tsaya.

Sabunta babbar manhajar uwar-garke dole ne, domin kowace tana da wa'adi. An daina kula da Windows Server 2012 a ranar 10 ga Oktoba, 2023, CentOS 7 kuma a ranar 30 ga Yuni, 2024. Sai dai bayan sabuntawa akan tarar matsala guda tana aiko da saƙo biyu ko fiye.

Musabbabi

Na farko, tsohon ɗan rahoto, wato ƙaramar manhajar da ke tattara bayanai a cikin na'urar, bai daina aiki ba, ga sabo an ɗora. Wannan yakan faru idan aka koma Zabbix Agent 2 ba a kashe na farkon ba.

Na biyu, sunan na'urar ya sauya, sai manhajar sa ido ta yi mata sabuwar rajista, ta ɗauke ta na'ura biyu.

Na uku, aiki ɗaya yana rubuce a jadawali biyu, tsohon tsarin cron da sabon tsarin systemd, kowanne yana tayar da shi.

Na huɗu, inda aka ajiye Alertmanager biyu don ɗaya ta tsaya wa ɗaya, idan sadarwa ta yanke tsakaninsu, kowacce za ta aika nata saƙon.

Hanyar gyara

Injiniya yakan fara da jera saƙonnin biyu, ya duba lokaci da sunan na'ura da inda kowanne ya fito. Idan sunan ya bambanta, rajista ce ta ninku, sai a goge tsohuwar bayan an adana tarihinta. Idan sunan ɗaya ne, sai a duba ayyukan da ke gudana da jadawalai, a kashe tsohon, a kuma hana shi tashi idan an sake kunna na'ura. Daga nan a tayar da gargaɗin gwaji, a tabbatar saƙo ɗaya tak ya iso.

Abin da ba a so shi ne toshe saƙonnin gaba ɗaya don a huta. Haka kuma barinsu ba gyara yana da haɗari, domin wanda aka saba tasa daga barci a banza, ranar da gobara ta tashi da gaske ba lallai ya motsa ba.

Bambanci da alat na banki

Alat ɗin da ke shigo wa ɗan kasuwa daban yake da wannan gargaɗi, ko da yake shi ma yakan ninku idan banki ya sauya manhaja. Alat biyu ba hujja ba ce cewa kuɗi ya shigo sau biyu. Kafin a miƙa kaya ko a mayar da rara, a duba ragowar kuɗin asusu da jerin shige da fice.