Makircin Hukuma: Tsakanin Ji-ta-ji-ta Da Fayil

'Yan ajinmu za su tuna shekarar 2003, lokacin da gardamar rigakafin shan inna ta shigo mana har ɗakin kwana, wasu na rantsuwa cewa Turawa sun haɗa baki da hukuma sun zuba maganin hana haihuwa a ciki, wasu kuma na yi musu dariya suna kiran su ƙauyawa. Ni ina cikin masu dariyar. Da muka kai ƙara wurin malaminmu na tarihi, bai goyi bayan kowa ba, tambaya biyu kawai ya yi mana: wa ya gani, kuma a ina aka rubuta? Sai da na shekara da shekaru ina ɗaukar fayil a ofis kafin na gane nauyin tambayoyin nan.

Da farko dai, duk wanda ya ce hukuma ba ta ƙulla wa talakawanta makirci, to bai karanta tarihi ba. A shekarar 1932 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fara wani bincike a garin Tuskegee na Jihar Alabama, inda ta tara baƙaƙen fata maza 600, yawancinsu matalautan manoma. Daga cikinsu 399 na ɗauke da ciwon tunjere. Ba a gaya musu sunan ciwonsu ba, an dai ce musu jininsu ne ya ɓaci, aka yi musu alkawarin abinci da kuɗin jana'iza. Abin da likitocin ke so shi ne su ga yadda ciwon ke cin mutum idan ba a yi masa magani ba. Ko da aka tabbatar da cewa fenisilin na warkar da tunjere a shekarun 1940, sai aka hana su shi. Haka aka yi ta tafiya har shekara 40. Wanda ya fasa ƙwan ma'aikacin hukumar ne, Peter Buxtun, wanda ya rubuta wa manyansa ƙorafi ba su saurare shi ba, sai ya kai wa 'yan jarida takardun a 1972. A 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara a bainar jama'a.

Abin lura a nan, jama'a, shi ne yadda asirin ya tonu. Takarda ce ta tona shi, da bakin wanda ke ciki. Hukuma ba ta iya motsi sai da takarda: a rubuta neman izini, a rubuta fitar da kuɗi, direba ya sa hannu a littafin mai. Fayil ɗaya kan bi ta hannun mutum goma kafin ya kai teburin babban sakatare, kuma a cikin goman nan da wuya a rasa mai jin haushi ko mai tsoron Allah.

Mu ma a nan gida ruwa bai yi tsami banza ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 10,000 a ƙasar nan. Ana cikin wannan tashin hankali ne kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya yi gwaji a kan yara kimanin 200, rabinsu aka ba su sabon magani mai suna Trovan, sauran kuma wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe su, kuma ya sami izinin hukuma. Iyaye da dama kuwa sun ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Jaridar Washington Post ce ta bankaɗo labarin a ƙarshen 2000, har daga baya aka gano cewa takardar amincewar kwamitin asibiti an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Saboda haka uban da ya ɓoye 'yarsa a ƙuryar ɗaki a 2003 ba wawa ba ne, kuma ina neman afuwar abokan da na yi wa dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma fa tsumma ba maciji ba ne, kuma a nan tambayoyin malam suke da amfani. Kwamitin da Kano ta kafa ya ce ya ga alamar wani sinadari a cikin rigakafin. Gwamnatin Tarayya ta tura ayari zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya, ya dawo ya ce babu abin cutarwa. A watan Yuli na 2004 Kano ta koma yin rigakafi da maganin da aka sayo daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Yau sama da shekara 20 ke nan, ba a ga takarda ɗaya ba, ba a sami ma'aikaci ɗaya daga cikin dubban da suka haɗa maganin ko suka yi jigilarsa da ya fito ya ce ga abin da aka sa mu yi ba. Ƙannenmu mata da aka ɗiga wa maganin kuwa, mu muka je sunan 'ya'yansu. A ɗaya gefen, cutar ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya, kuma a Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano.

Akwai wani abin da ya fi ba ni tsoro. Wani lokaci ji-ta-ji-tar kanta ita ce makircin. Da yawanmu mun taso muna jin cewa sojan Amurka ne suka ƙera cutar ƙanjamau a ɗakin gwaji. Wannan labari hukumar leƙen asiri ta Tarayyar Sobiyet, wato KGB, ita ta dasa shi a wata jarida ta Indiya a 1983, ta yi ta yi masa ban ruwa har ya game duniya, kuma a 1992 shugaban leƙen asirin waje na Rasha, Yevgeny Primakov, ya amsa cewa aikinsu ne. Mai yaɗa shi a majalisar shayi yana ganin ya waye, ya tona asirin wata gwamnati, alhali aiken wata gwamnatin yake yi ba ladan ko sisi.

Kada kuma masu dariya irina su ɗaga kafaɗa. A 2011 hukumar CIA ta shirya rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad na Fakistan don neman Usama bin Ladan, ta hannun wani likita, Shakil Afridi. Bayan an kashe ma'aikatan rigakafi da dama a can, sai a 2014 fadar shugaban Amurka ta yi alkawarin ba za a sake fakewa da rigakafi don leƙen asiri ba. Wannan kuwa mun san shi ne ta hanyar da muka san na Tuskegee da na Kano: an sami suna, da wuri, da kwanan wata, da wanda ya amsa.

A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka, shekara huɗu bayan yaran ƙarshe da ta kama a Borno. Waɗanda ta shanye wa ƙafa a shekarar da muke gardama a ɗakin kwana yanzu sun haura shekara 20, kuma kullum in zan tafi ofis ina wuce sa'o'insu a kan kekunan guragu a bakin danja.