Asbesto: ƙurar da ke dakon shekara arba'in

A shekarun 1950, a asibitin masu tarin fuka na birnin Kimberley, a Afirka ta Kudu, likita Sleggs ya lura da wani abin al'ajabi. Wasu majinyata na da alamun tarin fuka, amma magani ba ya yi musu amfani, kuma daga yankin da ake haƙar asbesto suke fitowa, wato ma'adinin da Faransawa ke kira amiante. A 1960, shi da likitoci Wagner da Marchand suka bayyana sakamakon bincikensu: cikin majinyata 33, an tabbatar 32 sun taɓa cuɗanya da ƙurar ma'adinin. Wasunsu ba su taɓa aikin haƙa ba, zama kusa da mahaƙar kawai suka yi tun suna yara.

Cutar ita ce mezoteliyom, sankarar da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wani lokaci na ciki. Zaren asbesto ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. In an shaƙe shi yakan maƙale, sai bayan shekara 20 zuwa 50 ciwon ya bayyana: sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, taruwar ruwa a gefen huhu, tari, kasala da rama.

Gargaɗi ya daɗe da zuwa. Tun 1906 Denis Auribault, mai binciken wuraren aiki a Faransa, ya ba da rahoton mace-macen ma'aikatan wata masaƙar asbesto, amma sai a 1997 ƙasar ta haramta shi, Afirka ta Kudu kuma a 2008.

Mu ma wannan tarihi ya shafe mu. Tun 1959 aka kafa masana'antar rufin siminti mai asbesto a Ikeja, wadda ake kira Nigerite, wasu suka biyo baya har Kano. Madarumfa kuwa, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ta daɗe tana sayen kayan gini daga Katsina da Kano. Tsohon rufi ko silin da ba a taɓa ba, haɗarinsa kaɗan ne. Tsaga shi da zarto, farfasa shi ko share ƙurarsa a bushe shi ne fitinar.

Saboda haka, ƴan'uwa malamai, kada a sa ɗalibai kwasar ɓaraguzan tsohon aji. Dattijon magini kuma da tarinsa ya ƙi jin magani, ya faɗa wa likita aikin da ya yi tun yana saurayi.