Kalmomin tsuntsaye a kasuwa da tsakar gida a ƙasar Arewa: shaidar tarihi

1. Gabatarwa

Ƙasar Arewa ta ƙunshi gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda ta zama gunduma a 2011, a jihar Doso. Masana tarihi, irin su Marc-Henri Piault a littafinsa na 1970 kan tarihin Mawri, sun fi maida hankali ga sarauta da asalin dangogi. Abin da muke son nunawa a nan shi ne, kalmomin da ake kiran tsuntsaye da su a kasuwa da tsakar gida su ma shaida ce ta tarihi, kuma suna kan hanyar ɓacewa.

2. Asalin tsuntsayen kasuwa

Tsuntsayen da ake kawowa kasuwa ba a zamani ɗaya suka shigo ƙasar ba. Zabo ɗan ƙasa ne, a Afirka ta Yamma aka fara kiwonsa, ɗan'uwansa na daji kuwa yana nan har yanzu. Kaza daga Asiya asalinta yake. Ƙasusuwan da aka tono a Kirikongo, a Burkina Faso, sun nuna ta iso wannan yanki tun kafin shekara ta 1000. Talo-talo da agwagwar gida daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso ba sai bayan 1500, ta bakin teku. Sunan talo-talo ya yi kama da na Yarbanci, abin da ya dace da wannan hanya ta kudu.

3. Launi da farashi

A da, launi yana cikin abubuwan da ke yanke kuɗin kaza. A addinin Azna na Lugu da Bagaji, da kuma wajen ƴan bori, kowane iska yana da launin abin yankansa. Greenberg ya bayyana irin wannan tsari a wurin Maguzawan Kano a 1946. Wannan buƙata tana cikin dalilan da suka sa harshe ya tsare kalmomi masu rarrabewa: fara, baƙa, ja, wake-wake mai ɗige-ɗige, fingi mai gashi a birkice, durgu mai gajerun ƙafafu. Da Musulunci ya game ƙasar, sai girma da ƙiba suka rinjayi launi, ciniki ya fi kankama lokacin salla da suna da biki. Kalmar da mai saye ya daina tambaya da ita, ba ta daɗewa a bakin yara.

4. Tsakar gida

Kiwon kaji galibi aikin mata da yara ne. Da safe a buɗe akurki, a watsa tsaba ko dusa, a zuba ruwa a kasko. Zabi da damina suke ƙwai, a kan sa wa kaza ta kwanta a kai, a ciyar da ƴaƴan da gara. Ba a sayen abinci musamman don tsuntsayen daji kamar yadda ake yi a Turai, amma kurciya da baiwar Allah suna cin rabonsu a gindin turmi. Shamuwa, mai zuwa gab da damina, tana sheƙa a cikin gari ba mai taɓa ta. Jan-baki kuwa abokin gaban manomi ne.

5. Abin da ya sake

A watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna, sa'an nan a Magariya, cinikin kaji ya girgiza. A 2015 aka sanya ungulun da aka saba gani a mahauta cikin jinsunan da ke gab da ƙarewa. Sayar da sassan jikinsa don magani yana cikin dalilai. Idan tsuntsu ya ɓace, sunansa da karin maganarsa sukan bi shi.

6. Kammalawa

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun fi dogara ga Hausar Najeriya. Ya kamata a bi kasuwannin Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri a ɗauki muryar dillalai da tsofaffin mata, a rubuta furucin yadda yake, misali hwara a madadin fara. Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci za su sami riba biyu: darasin kiwo da rigakafi cikin kalmomin da ɗalibi ya riga ya sani, da kuma taskar kalmomi da za ta rage wa na baya.