Talat Mahmood da Waƙar Gazal a Finafinan Indiya

A ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka cika shekara 100 da haihuwar Talat Mahmood, mawaƙin da Indiyawa ke kira sarkin gazal. A ƙasar Hausa, daga Kano har Filinge ta ƙasar Kurfai, kusan duk dattijon da ya yi zamani da rediyo da kaset ya san sunan Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar. Sunan Talat kuwa sai ɗaiɗaikun mutane, ko da yake waɗanda suka kalli tsofaffin finafinan Dilip Kumar sun sha jin muryarsa tana fitowa daga bakin jarumin. Shi mawaƙin bayan fage ne. Aikinsa ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya rera, daga baya ɗan wasa ya motsa leɓe a gaban kyamara.

Gazal tsohon salon waƙar soyayya ne da ya samo asali daga Larabawa. Tun zamanin Banu Umayya mawaƙa irin su Umar ɗan Abi Rabi'a da Jamilu mai begen Busaina suka ware begen masoyi ya zama waƙa mai cin gashin kanta. Farisawa suka karɓa suka yi mata ƙa'idoji a hannun Sa'adi da Hafiz, daga nan ta shiga harshen Urdu, inda Mir Taqi Mir (1723 zuwa 1810) da Mirza Ghalib (1797 zuwa 1869) suka kai ta ƙololuwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin waƙa a zaure zai gane gininta. Baitoci ne 'yan ƙwar biyu. A baitin farko ɗangogi biyun duka suna ɗauke da amsa-amo, a sauran kuwa ɗango na biyu kaɗai. Bayan ƙafiyar akwai wata kalma ko 'yar jimla da ake maimaitawa ba canji daga farkon waƙa har ƙarshenta. A baitin ƙarshe mawaƙi yakan ambaci laƙabinsa, abin da marubuta waƙar Hausa ma suka saba yi in za su rufe. Inda ta bambanta shi ne kowane baiti yana tsayawa da ƙafarsa, ba dole ya ci gaba da zancen na gabansa ba. Masu sauraro sukan jira su ji yadda mawaƙi zai iso ga kalmar da kowa ya san tana tafe, kuma daɗin yana cikin hanyar da ya bi.

Fim mai magana ya fara a Indiya a 1931 da Alam Ara, kuma a 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata ya soma dabarar ɗaukar waƙa daban a fim ɗin Dhoop Chhaon. Sai dai an ɗauki shekaru kafin sana'ar mawaƙi ta rabu da ta ɗan wasa. K. L. Saigal, wanda ya mamaye fagen har rasuwarsa a Janairun 1947, yana wasa ne yana rera wa kansa. Wani abu kuma da ya matse gazal shi ne faifan garmaho, wanda gefensa guda bai ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai. Waƙar da a majalisa za a ja ta tsawon dare, ana maimaita ɗango guda ta fuskoki daban-daban, tilas ta koma baiti uku ko huɗu.

An haifi Talat a Lucknow, birnin da aka sani da ladabin magana da adabin Urdu, a gidan Musulmi da ba su ɗauki waƙa sana'ar mutunci ba. Ya yi karatun kiɗa a kwalejin Marris ta garin, ya fara rera gazal a gidan rediyon All India a 1939 yana ɗan saurayi. Kamfanin HMV ya buga faifansa na farko a 1941, kuma wata waƙa da ba ta fim ba da ya yi a 1944 ta bazu ƙasar duka. Ya zauna Kalkata yana rera waƙoƙin Bengali da sunan Tapan Kumar, kafin ya koma Bombai a 1949.

Muryarsa tana da wata 'yar rawa, makyarkyata ce siririya da ke fitowa duk sa'ad da ya ja sauti. A ma'aunin malaman kiɗa na gargajiya wannan aibi ne, kuma labarin da ya shahara shi ne cewa shi kansa ya so ya rabu da ita. Anil Biswas, mai tsara kiɗan fim ɗin Arzoo na 1950, shi ya hana, ya nuna masa cewa abin da yake ƙoƙarin ɓoyewa shi ne jarinsa. Waƙar da ya rera wa Dilip Kumar a wannan fim ta buɗe masa ƙofa. Irin wannan murya ba za ta kai bayan fili ba in babu na'ura. Ta makirufo ce, ta mai magana ƙasa-ƙasa kusa da kunne, kuma yana furta kowane harafin Urdu daga mafitarsa, ba ya haɗiye ƙarshen kalma. Kayan kiɗan da suka dace da ita kaɗan ne: tabla, sitar, wani lokaci fiyano, da sarangi, wadda ake gogawa da baka kamar gogen Hausawa.

Shekaru biyar na farko nasa ne. Babul a 1950 tare da mai tsara kiɗa Naushad, Daag a 1952 tare da Shankar da Jaikishan, Taxi Driver a 1954 tare da S. D. Burman. A 1954 ɗin ne Sohrab Modi ya fitar da Mirza Ghalib, inda Ghulam Mohammed ya ɗora kiɗa a kan baitocin Ghalib na asali, Talat ya rera wa Bharat Bhushan, Suraiya kuma ta rera wa kanta. Fim ɗin ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasa. Nan ne aka fi ganin gazal ta gaskiya a silima, domin da yawa daga abin da ake kira gazal a finafinai waƙoƙi ne masu sanyi da suka ari rigarta ba tare da bin ƙa'idarta duka ba. A 1956 Talat ya tafi Gabashin Afirka ya yi wa Indiyawan can wasa, kuma ana lissafa shi cikin mawaƙan fim na farko da suka fita waje da sana'arsu.

Abin da masu tarihin waƙar Indiya suka daɗe suna jayayya a kai shi ne yadda mutumin da ke kan gaba a 1954 ya zama na jefi-jefi kafin shekara goma. Bayani uku ake kawowa.

Na farko shi ne wanda masu hira suka fi so. Wai Naushad ya ga Talat yana shan taba a gabansa lokacin aikin Babul, ya ɗauki abin raini, ya juya ga Rafi. Gaskiya ne daga Baiju Bawra na 1952 Rafi ya zama muryar Naushad. Amma Naushad mutum ɗaya ne a masana'antar da ke da masu tsara kiɗa da dama, kuma manyan waƙoƙin Talat da yawa bayan 1950 aka yi su. Karan sigari bai isa ya ɗauki wannan nauyi ba.

Na biyu ya fi ƙarfi. Talat kyakkyawan mutum ne, sai aka ja shi gaban kyamara. Ya fito jarumi a Dil-e-Nadaan a 1953, a Waris tare da Suraiya a 1954, a Sone Ki Chidiya tare da Nutan a 1958, da wasu. Babu wanda ya mai da shi tauraro, kuma ana cewa masu shirya fim sun ɗauka ya daina yi wa wasu waƙa, jarumai kuma ba sa son aron muryar abokin gasa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai Mukesh ma ya gwada wasa a shekarun nan, ya sha ƙasa, ya dawo ya ci gaba da zama muryar Raj Kapoor. Kishore Kumar kuwa ya shafe shekarun 1950 yana wasan barkwanci, amma daga Aradhana na 1969 ya hau kan kowa.

Na uku ba shi da daɗin bayarwa, amma shi ya fi tsayuwa. Jarumin fim ne ya canza. Dilip Kumar na farkon shekarun 1950 mutum ne mai shan wahala a soyayya, mai zama shi kaɗai yana ƙunci, kuma gazal aka halitta wa irin wannan zama. Kafin ƙarshen shekarun shi kansa ya fara karɓar finafinai masu raha. A 1961 Shammi Kapoor ya fito a Junglee yana ihu yana gangarowa kan ƙanƙara, waƙar kuma da muryar Rafi. Taron makaɗa ya kumbura, aka shigo da ganguna da ƙahonni na Turai. Rediyo ma ya taimaka: bayan minista B. V. Keskar ya taƙaita waƙoƙin fim a gidan rediyon gwamnati a 1952, jama'a suka koma Rediyon Ceylon, inda Ameen Sayani ke jera waƙoƙi mako-mako bisa farin jininsu. Waƙar da ke kama kunne nan take ita ke hawa. Rafi yana iya gazal, yana iya bege, yana iya waƙar rawa da ta maye. Talat abu ɗaya ya iya, ya kuma iya shi fiye da kowa, amma furodusa mai neman murya guda da za ta yi wa jaruminsa waƙa shida iri-iri ya san inda zai nufa.

Abubuwa biyu sun nuna yadda lamarin ya kasance a aikace. A Jahan Ara na 1964, labarin 'yar sarki Shah Jahan, an ruwaito cewa darakta Vinod Kumar Rafi yake so, mai tsara kiɗa Madan Mohan kuma ya kafe cewa akwai waƙoƙin da sai Talat. Madan Mohan ya yi nasara, waƙoƙin suna cikin mafi kyawun abin da Talat ya bari, amma fim ɗin bai yi kasuwa ba. A Aadmi na 1968 kuwa Naushad da kansa ya haɗa shi da Rafi a waƙa guda, abin da ya ƙara raunana labarin taba. Waƙar ta fita a faifai da muryarsa, amma a cikin fim aka cire ta aka sa ta Mahendra Kapoor a bakin Manoj Kumar. Daga nan waƙarsa a fim ta yi ƙaranci, ya koma faifai da wasanni a ƙasashen waje. Gwamnati ta ba shi lambar Padma Bhushan a 1992, ya rasu a Bombai ranar 9 ga Mayu 1998. Gazal ita kanta ba ta mutu ba. Mehdi Hassan a Pakistan da Jagjit Singh a Indiya sun raya ta a wajen silima, Asha Bhosle kuma ta dawo da ita allo a Umrao Jaan na 1981.

Finafinan Indiya sun shigo ƙasar Hausa ne ta hannun Kwarori masu gidajen silima tun shekarun 1950, kuma sun kankama daidai lokacin da tauraron Talat ke dushewa. Garuruwan da ke nesa da silima, irin Filinge da ke kwarin Dallol Bosso kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, sun fi samun waƙoƙin ta rediyo, ta kaset, da ta hannun 'yan ci-rani masu dawowa gida kafin damina. Mai sauraro ba ya jin Urdu, don haka karin waƙar da bugunta ne ke isa gare shi, kalmomin kuwa sai ya cike gurbinsu da Hausar da ta yi kama da su. Abdu Yaron Goge ya yi haka da wata waƙa ta fim ɗin Rani Rupmati. 'Yan bandiri na Kano, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya da Brian Larkin ya yi nazari a kanta, sun ɗauki karin waƙoƙin fim suka ɗora musu yabon Annabi, abin da ya jawo muhawara tsakanin malamai. Gazal kuwa rabin darajarta na cikin baiti ne, kuma wannan rabin bai ƙetaro ba, duk da cewa a gini ita ce ta fi kusa da rubutacciyar waƙar Hausa.

Da finafinan Hausa suka kafu bayan Turmin Danya na 1990, sun gaji tsarin mawaƙin bayan fage ɗungurungum: mawaƙi ya rera a situdiyo, ɗan wasa ya yi mamin. Salon da suka fi ɗauka shi ne na saurayi da budurwa suna musayar baiti suna rawa, wanda ya yi tashe a Bombai daga shekarun 1960 zuwa gaba, kuma shi ne ya koma Nijar a kaset ɗin bidiyo, daga baya a faifan CD da katin waya.