Gimi da Ma'anar Ta'aziyya: Addu'ar Ƙasƙantar da Kai a Wurin Masihiyawan Arewacin Zazzau

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki tarihin zangon Kiristoci na Gimi, a ƙasar Makarfi, ta auna ra'ayin da ya yi kaka-gida cewa makaranta da asibiti ne suka riƙe Bahaushe a cikin ikilisiya. Ta nuna cewa abin da masu bi na Ikara, Makarfi da Kudan suke nema a addu'ar lokacin wahala yana ƙunshe a cikin kalmar "ta'aziyya" kamar yadda Bahaushe ya san ta.

Gabatarwa da bitar ayyuka

Joseph Greenberg (1946) ya yi nazarin Maguzawa da bautar iskoki, E. P. T. Crampton (1975) ya tsara tarihin Kiristanci a Arewa, Ian Linden kuma ya bi sawun Isawa. Ba da su muke ja ba. Jayayyarmu tana tare da salon karatun da ya yi ƙarfi daga baya, wanda ake iya ganin alamunsa a ayyukan Andrew Barnes (2009) da Shobana Shankar (2014), inda boko, aikin magani da sababbin hanyoyin samun matsayi suka fi cika fage. Ayyuka ne masu nauyi, kuma sun gyara kurakurai da yawa. Sai dai wanda ya karanta su cikin gaggawa zai iya tashi da zaton cewa bangaskiyar sabon mai bi ciniki ce: ya ba da sunansa a rubuta, a ba shi allo da allura. Irin wannan zato ba shi da abin cewa game da mutumin da ya shiga, ya yi asara, kuma ya ƙi fita. Wannan mutumin ne ya dame mu.

Hanyar bincike

An dogara ga rubutaccen tarihin mishan na CMS a ƙasar Zazzau, da tsarin sujadar Angilika, da kalmomin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932.

Gimi a matsayin ma'auni

Isawa almajiran Malam Ibrahim ne, malamin Kano da ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa har aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa sun watsu, wasu suka nufi Ningi, wasu suka zauna a ƙauyukan Zazzau. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemi Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a birnin Zariya, ba da jimawa ba kuma aka kafa musu zango a Gimi, lokacin da yunwar Kakalaba take cin ƙasar Hausa. Sun share daji, sun yi gonaki, sun gina majami'a da makaranta. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake yaɗawa, ya faɗa wa zangon, ya ci mutane da yawa, har ya zama dole a tashi cikin 'yan shekaru. Idan da amfanin duniya ne igiyar da ta ɗaure su, a nan ya kamata ta tsinke, domin an roƙi lafiya an samu kaburbura. Amma waɗanda suka tsira sun zauna cikin bangaskiyarsu, suna cikin tushen jama'ar da ta taru a Wusasa bayan mishan ta bar cikin birni wajen 1929.

Me ya riƙe su? Amsarmu tana cikin harshe. Kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa yake maimaitawa a farkon wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, inda ake maganar abin da Allah yake yi wa mai shan wahala, ita ce ta'aziyya. Ga Bahaushe ta'aziyya aiki ce da ake yi da ƙafa. Mutum yakan bar gonarsa ta rake ko rumfarsa a kasuwar Makarfi, ya je gidan makoki, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma ɗaya da mai rashi. Ba ya zuwa da alkawarin dawo da mamaci, kuma ba wanda yake jiran haka daga gare shi. Zuwansa da zamansa su ne kyautar. Don haka mai bi da ya ji a harshen uwarsa cewa Allah mai ta'aziyya ne, abin da kunnensa ya kama shi ne Ubangiji yana zuwa ya zauna da wanda aka yi wa rashi. Wannan ma'ana ba ta rushewa idan ciwo bai warke ba, tun da asalinta an gina ta ne a kan rashin da ya riga ya auku. Daga nan kuma ake gane dalilin da ya sa addu'ar ta zama ta ƙasƙantar da kai. Mai karɓar gaisuwa a ƙasa yake zama, ba ya gindaya wa baƙonsa sharaɗi. Tsarin sujadar safe da ta yamma na Angilika yana farawa da furta zunubi a durƙushe, misalin Yesu na Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18 kuma ya fifita wanda ya kasa ɗaga kai. Isawa, da suka fito daga gidajen allo da sujada, ba su buƙaci Bature ya koya wa gwiwarsu wannan ba. Abin da ya zo musu sabo shi ne koyarwar cewa wanda ake durƙusa wa shi ma ya ɗanɗani azaba a kan gicciye, wato mai zuwa ta'aziyyar ya san zafin rashi.

Za a ce ai riba ta zo, ga Farfesa Ishaya Audu, ɗan zuriyar Isawan Gimi, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Gaskiya ne, amma ribar jikoki ba ta bayyana tsayuwar kakanni. Wanda ya binne 'ya'yansa a Gimi bai hango jami'a ba, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta wancan lokaci, mai lallashin sarakuna, ba ta ɗauki Bahaushe Kirista abin so ba.

Suka ta biyu ta fi kaifi: cewa wannan addu'a haƙuri ne kawai da aka sauya wa riga, mai koya wa talaka rungumar ƙaddara. A nan dole a bambanta. "Sai haƙuri" magana ce da Musulmi da Kirista suke faɗa wa juna a Hunƙuyi ko Ikara, kuma tana da daraja, amma tana neman mai rashi ya haɗiye kukansa. Zabura da littafin Ayuba, waɗanda ikilisiya take karantawa a fili, suna ba shi izinin kai ƙara gaban Allah da tambayar dalili. Ƙasƙantar da kai a nan tana nufin barin hukunci a hannun Ubangiji bayan an faɗi ciwon duka. Ba ta kuma ɗaure hannu ba: bayan rikicin Maris 1987, da ya taso daga Kafanchan ya kai ga ƙona majami'u a Zariya da Ikara, masu bi sun sake gini, yau kuma Ikara tana da dayosis ɗin Angilika nata. Inda ya kamata masu sukar su juya shi ne wa'azin wadata na zamani, mai auna addu'a da abin da ta kawo aljihu, domin shi ne ba shi da kalmar da zai faɗa wa manomin tumatir da kayansa suka ruɓe, ko matar da ta sayar da gona don kuɗin fansa.

Iyakar bincike

Dole a amince cewa yawancin takardun Gimi Turawan mishan ne suka rubuta su, kuma suna da dalilin ƙawata juriyar mabiyansu. Nazarin ya kuma tsaya ga Angilika, alhali yawancin masu bi na karkarar Ikara da Kudan daga Maguzawa suka fito, wasunsu ta hannun ECWA, Baptis da Katolika. Wannan yana rage faɗin hujjar, amma bai taɓa gindinta ba, domin Littafi Mai Tsarki na Hausa da zaman makoki duka ikilisiyoyin nan sun yi tarayya a cikinsu. Waƙoƙin zumuntar mata, inda ake jin kukan gwauruwa da bakinta, suna jiran wanda zai naɗe su ya yi musu nazari na kansu.