Zumunta

zumunta (suna, mace). Daga *zumu*, wato ɗan'uwa ko amini na jiki. Dubi kuma *zumunci*.

1. Riƙon 'yan'uwantaka ta hanyar ziyara da taimako. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take.

2. A bakin Kiristocin Arewa, tarayyar masu bi cikin addu'a da ɗaukar nauyin juna, kamar yadda Ayyukan Manzanni 2:42 ya kwatanta ikilisiyar farko. Daga nan aka sami *Zumuntar Mata*, ƙungiyar matan coci a ECWA, cocin da ya fito daga mishan ɗin SIM a 1954, da COCIN da EYN. Ana gane su da zane iri ɗaya da kiɗan tulu, amma ainihin aikinsu a gidan makoki yake da bakin gadon majiyyaci. Wannan ta kawo tiyar shinkafa, waccan ɗaurin itace, wata ta ɗora tukunya ta kwana da matar mamaci har a share makoki. A Kalgo da ƙasar Gwandu, inda Kirista ba su da yawa, wannan riƙon ya fi nauyi, balle a shekara irin 2020 da ambaliya ta cinye gonakin shinkafar Kebbi.

*Misali:* "Mama, da ba don zumunta ba, da yaran nan sun kwana da yunwa."

Kalmar ta Musulmi da Kirista ce baki ɗaya, kuma a ganina ba a cika ma'anarta sai an taka zuwa ƙofar mai wahala.